Kan Sarki da Surar Allah

Hausawa suna cewa "kan sarki" domin a zamanin Turawa hoton sarkin Ingila ake bugawa a kansa. Na farko a duniya ya fito a 1840 da hoton Sarauniya Biktoriya. Fadar Vatikan ta soma buga nata a 1929, Ingila kuwa ta fitar da na Kirsimeti a 1966.

Iyalan Minna masu tara irin waɗannan suna da darasi a hannu. A Matiyu 22, surar Kaisar a kan dinari ce ta nuna mai shi. Farawa 1 kuma ta shaida an halicci mutum cikin surar Allah. Yaron da ya iya adana kan sarki kada ya yage, iyaye su koya masa kiyaye ransa, gama na Ubangiji ne.