Kula da Tsoho: Sadaka ce ko Bashi?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Nijar ƙasar yara ce, kusan rabin al'ummarta ba su kai shekara 15 ba. Shi ya sa ba a cika maganar tsufa ba, sai a ɗauka damuwar Japan ce, inda fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na mutane sun kai shekara 65. Amma duk wanda ya shiga ƙauyukan jihar Tawa bayan girbi zai tarar da gari ya tsufa. Samari sun tafi ci-rani Abijan, Libiya ko Aljeriya, sun bar iyaye da hawan jini da ciwon ido.

A 2006 gwamnati ta mayar da maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 da tiyatar haihuwa kyauta. Alheri ne, sai dai bai haɗa da tsofaffi ba, kuma jinkirin biyan asibitoci kuɗinsu ya sha barin su ba magani. Fanshon CNSS na mai albashi ne. Manomin da ya shekara 50 yana duƙe bisa hauya ba shi da kaso. Ƙwararrun likitoci kuma sun fi yawa a Yamai. Dattijo biyu, cuta ɗaya: wannan ya hau babur ya ga likita, wancan sai an sayar da akuya kafin a samu kuɗin mota.

To, abin da ake yi wa tsohon ƙauye sadaka ce ko bashi? Sadaka ana jinkirta ta har hali ya samu. Bashi kuwa biya ake yi, ko da ƙunci. Geron da ya ciyar da ɗalibi da ma'aikaci daga gonar wannan tsoho ya fito. Suratul Isra'i ta haɗa kyautata wa iyaye da tauhidi, ta kuma ambaci lokacin tsufansu musamman. Bashi ne ke nan, a wuyan 'ya'ya da hukuma da jama'a.

Zawiyar da ke iya tara kuɗin Maulidi da na motar ziyara, tana iya buɗe asusun maganin dattijanta, ta sa matasa su riƙa duba waɗanda ƙafa ta hana zuwa zikiri. Hidimar muridi ba ta tsaya ga ƙofar Shehu ba, ta kai har tabarmar tsohon da aka daina gani a sahu.

Allah Ya ba da ikon saukewa, amin.