Idon da ya zama dutse

A duwatsun Alnif na ƙasar Maroko ana haƙo gawar wata halittar teku da ta zama dutse, masana na kiranta tirilobit. Zuriyarta ta ƙare kimanin shekaru miliyan 252 da suka shuɗe, amma idonta bai ruɓe ba, domin da ma'adinin kalsit aka gina shi. Idan mai hoto ya kusanto da na'urarsa, sai ƙwayoyin idon su bayyana jere kamar saƙar zuma. A 1975 Clarkson da Levi-Setti suka nuna cewa siffar wasu ƙwayoyin ta dace da gilashin da Descartes da Huygens suka zana a ƙarni na 17 don daidaita gani. Tsarki ya tabbata ga Allah!

Wasu iyaye suna gudun wannan ilimi, wai zai raunana imanin yara. Alhali Suratul Ankabut, aya ta 20, umarni ce da a yi tafiya cikin ƙasa a duba yadda aka fari halitta. Malaman makarantunmu su nuna wa ɗalibai hoton, su bar su su ƙirga ƙwayoyin da kansu.