Rijiyar gari: kowa na sha, wa ke yasa?

Shin wanda aka yi wa kyauta, akwai bashi a kansa? Tambaya ce tsohuwa, amma duniyar kwamfuta ta sake tayar da ita a zamaninmu.

A shekarar 1983, Richard Stallman, wani masani a cibiyar MIT ta Amurka, ya shelanta aikin GNU. Abin da ya dame shi shi ne kamfanoni na sayar da manhaja suna ɓoye rubutun asalin da aka gina ta da shi, har su haramta wa mai saye ya ba maƙwabcinsa: rijiya ta bayar, guga ya hana. A ganinsa, manhaja ba ta zama ɗiya sai mai ita ya sami ƴanci huɗu: ya yi aiki da ita yadda ya so, ya nazarci cikinta ya gyara, ya rarraba ta, ya kuma rarraba gyaran da ya yi. A 1991, wani ɗalibi a Helsinki, Linus Torvalds, ya fito da Linux, wanda a kansa aka gina wayoyin Android da ke aljihunmu.

Faransanci ya bambanta «libre» da «gratuit», Hausa ma haka: ƴanci daban, kyauta daban. Sai dai mafi yawanmu kyautar muka gani, muka manta cewa ƴanci nauyi ne. Lasisin GPL na 1989 ya wajabta wa duk wanda ya rarraba gyaransa ya bar shi a buɗe, amma ba lasisin da zai tilasta wa mutum ya kula da abin da yake mora.

An ga sakamakon haka. A watan Afrilu na 2014 aka gano wata ɓaraka, mai suna Heartbleed, a cikin OpenSSL, manhajar da ke tsare sirrin ɗimbin shafukan intanet. Sai duniya ta farga cewa mutane ƙalilan ne ke ɗawainiya da ita, alhali manyan kamfanoni na cin moriyarta. A watan Maris na 2024 kuma, injiniya Andres Freund ya lura da jinkirin kusan rabin daƙiƙa a na'urarsa, ya bi sawu, ya tarar an dasa ƙofar ɓoye a manhajar xz. Mai kula da ita mutum ɗaya ne da gajiya ta cim masa. Wani ya yi kusan shekara biyu yana taya shi aiki har ya sami amincewarsa, sa'an nan ya ci amana.

Wani zai ce: ai mai kyautar bai nemi kome ba, kuma kyautar da ke jiran sakayya ciniki ce. Gaskiya ne ta fuskar doka. Amma bashin ba na mai haƙa rijiyar ba ne, na rijiyar ne da waɗanda za su sha bayanmu. Wanda ya ƙi fita gayya ba alƙalin da zai ɗaure shi, duk da haka gari ya san matsayinsa.

Biyan wannan bashi bai tsaya ga masu rubuta manhaja ba. Malamin da ya fassara umarnin wata manhaja zuwa Hausa, ko ya kai rahoto cewa ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ba sa fita daidai, ko ya koya wa ɗalibai buɗe rubutun asali su karanta, ya ɗebe nasa kason yashi. Ƙungiyoyinmu na raya al'adu na iya ɗaukar fassarar manhaja guda su kammala ta, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Rijiyar da aka bar wa mutum ɗaya yasarta, ran da ya gaji, gari duka ne zai kwana da ƙishirwa.