Fatsar Mai Ƙoshi

A wata ranar Alhamis ta watan Janairun 2025 muka shiga Kasuwar Kwastam da ke Maiduguri, mu huɗu, dukkanmu malaman makaranta, domin yin guzurin tafiya. Niyyarmu ita ce mu yi hutun ƙarshen mako a gandun dajin Yankari na Jihar Bauchi, mu taka daji da ƙafa, mu yi wanka a maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Wikki, in hali ya yi kuma mu ɗan jefa fatsa. A lokacin ba a goge shatar da ruwa ya bari a jikin wasu gine-ginen unguwar ba, tun ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar Alau a watan Satumbar 2024.

Wurin wani dattijo muka tsaya sayen ƙugiyoyi da zare. Da hira ta yi hira muka ji cewa masunci ne, ya baro Baga a watan Janairun 2015 lokacin da 'yan Boko Haram suka mamaye garin, kuma ɗan jarin da ya tara a birni ruwan Alau ya tafi da rabinsa. Yana ƙirga mana ƙugiyoyi sai ya ce, "Malam, kifin na sayarwa ne ko na miya?"

Muka ce, "Baba, ba ko ɗaya. Hutu kawai za mu je."

Ya dube mu, ya yi murmushi, ya ce, "To, Allah Ya ba da sa'a. Amma kifin bai san hutu kuke yi ba."

Wannan magana ce ta haifi wannan ɗan rubutu. Tambayar da ta bar mana ita ce: shin ya dace mutum ya mai da sana'ar wani abin nishaɗinsa, musamman idan sana'ar ta ɗaukar rai ce, kuma mai ita an raba shi da ita da ƙarfin tsiya?

Mu fara da ruwan, domin shi ne mai sauƙi. Mun bi ta Damaturu da Potiskum zuwa Bauchi, muka ratse a Dindima, muka shiga ta ƙofar Mainamaji. An keɓe wannan daji tun 1956, aka buɗe shi ga jama'a a 1962, ya zama na Gwamnatin Tarayya a 1991, sannan ya koma hannun Jihar Bauchi a 2006. Ruwan Wikki yana fitowa ne daga ƙarƙashin wani dutse, garai-garai har ana ganin yashin ƙasa, kuma ɗuminsa yana nan a kan digiri 31 dare da rana, rani da damina. Masana sun ce ruwan sama ne da ya nutsa can cikin ƙasa, zafin cikinta ya ɗumama shi, ya sake ɓullowa. Wanda ya shige shi da asubahin hunturu, bayan ya yini jiya yana bin ɗan gandu a cikin daji har ƙafa ta yi tsami, ba ya bukatar a yi masa bayanin ni'ima. Abin lura a nan shi ne, wankanmu bai rage komai ba. Mun fita, ruwan ya ci gaba da gangarawa zuwa kogin Gaji kamar ba mu taɓa zuwa ba.

Fatsa kuwa ba haka take ba. A cikin gandun an hana su kamar yadda aka hana farauta, don haka sai ranar Lahadi, a kan hanyar dawowa, muka tsaya bakin kogin Gongola kusa da gadar Dindima. Bayan wajen awa biyu ɗaya daga cikinmu ya fizgo wata 'yar ƙarfasa wadda ba ta wuce tafin hannu ba. Nan gardama ta kaure. Wanda ya kama ta, da yake ya yi karatu a Ingila, ya ce a cire mata ƙugiya a mai da ita ruwa, haka masu wannan wasa suke yi a can, kuma wannan shi ne tausayi. A take mun yarda da shi. Daga baya ne muka ga cewa wannan tausayi yana da lam'a, domin idan mun sake ta, mun tabbatar ke nan cewa ba don komai muka huda mata baki ba sai don mu ji daɗin fizgar zare. Mai kashewa ya ci yana da hujjar da zai bayar. Mu kuwa fa?

Ba mu muka fara wannan tunani ba. Duk wanda ya yi zaman zaure ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya san an bambanta farautar da ake yi don wasa, wadda aka karhanta, da wadda ake yi don bukata, wadda aka halatta. Abin mamaki, dokar kare dabbobi ta ƙasar Suwizalan ta 2008 ta zo daidai da wannan, inda ta hana jefa fatsa da niyyar sakin abin da aka kama. Malamin Ƙairawan na ƙarni na 10 da masu tsara doka na Turai sun haɗu a kan cewa niyyar mai ƙugiya ita ce abin dubawa.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka muna cewa wasa da su ba sa haɗuwa. Bikin Argungu, wanda ake danganta farkonsa da 1934, wasa ne ƙarara, da kiɗa da gasa da kyauta. Amma masu faɗawa Matan Fada da gora da koma masunta ne, kifin da suka kama ci ake yi, kuma akwai Sarkin Ruwa da ke tsare wurin har lokacin ya yi. Wato masu sana'a ne suke murna da sana'arsu. Namu dabam ne, aron sana'a muka yi na yini guda, kamar mai aron rigar makoki don ta yi masa kyau.

Akwai mai cewa, to ai zamanku a gida ba zai mai da dattijon nan Baga ba. Hasali ma ciniki kuka yi masa, kuɗin shigarku kuma ya taimaka wajen tsare giwayen da suka rage. Gaskiya ne, kuma mun faɗa wa junanmu haka a cikin mota. Amma muna zargin wannan hujja saboda saurin da ta yi wajen kwantar mana da hankali. Ba mu ga laifin hutu ba, domin jikin da bai huta ba shi ake kira hutun jaki da kaya a ka. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne, dattijon bai ambaci talaucinsa ba, bai kuma yi ƙyashin tafiyarmu ba. Kifin ya tuna mana, wanda mu masu digiri ba mu sa shi cikin lissafi ba sam.

Ƙarfasar dai wani yaro mai wanki a bakin kogin muka miƙa wa, ya karɓa, ya juya ta, ya ce, "Wannan ai 'ya ce, da kun bar ta ta girma." Ya sa ta a aljihu. Mako biyu bayan haka mun koma Kasuwar Kwastam sayen kayan miya, muka biya wurin dattijon. Ya tambaye mu nawa muka kama, muka ce ɗaya. Ya tambayi sauran ƙugiyoyin, ya ce in ba za mu ƙara komawa ba mu kawo masa, zai karɓa a rabin kuɗi.