Canjin Ɗan Kwandasta

'Yar uwa, idan mutum ya saba cutarki, rannan sai dukiyarsa ta faɗo hannunki bisa kuskure, halal ce ko haram? Ni dai na taɓa ba kaina amsa, kuma har yau amsar ba ta bar ni na sake ba.

Lokacin ina amarya a Goron Dutse ne, tun Adaidaita Sahu ba ta shigo Kano ba, don sai a 2005 muka fara ganinta. Matar da ba ta son hawa acaɓa, ba ta da zaɓi sai bas, a matse ki kamar buhun gero, goyo a baya, kwando a cinya. Rannan na dawo daga Kasuwar Kurmi, kuɗin cefane ya ƙare ƙaƙaf, saura Murtala ɗaya a bakin zane. Na miƙa wa kwandasta naira 20 ɗin nan, kuɗin mota 10. Yaron yana ta rigima da wani dattijo, sai ya danƙa mini naira 40, a zatonsa 50 na ba shi.

Wallahi na gani. Na dunƙule hannu na yi shiru.

Nan take zuciya ta kawo mini hujja. Sau nawa suka ce "Hajiya babu canji" suka ja mota? Ai bashi na karɓa. To amma wa ya ci mini bashin? Wannan yaron ban taɓa ganinsa ba. Na tattara laifin duk kwandastocin Kano na ɗora wa ɗan mutane, alhali da daddare shi direba zai titsiye da lissafi, in kuɗi bai cika ba a jikinsa za a cire, wataƙila har da mari.

Da na gaya wa Inna, uwar maigidana, ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "Ke 'yar nan, in kin rasa mai shi, ki yi sadaka da sunansa." Na yi kwana uku ina leƙen motoci a bakin titi, ban gan shi ba. Na ba wani almajiri naira 30.

Sadakar ta fita, na yarda. Sai dai almajiri ne ya ci tuwo da ita, shi kuwa yaron ban san da me ya kwana ba a daren nan.