Shin Wanda Ya Kwafi Hoto Ya Yi Sata?

Mas'alar da zan yi magana a kanta ƙarama ce a ido, har wani zai ce ba ta cancanci tawada ba. Amma da yake ta shiga aljihun kowa tare da wayar hannu, kuma ta haɗa dukiya da amana da mutunci wuri guda, waɗanda a kansu aka gina babin mu'amala a littattafan fiƙihu, na ga ya kyautu a tsaya a dube ta da natsuwa. Ga surarta. A Kalambaina, yamma da birnin Sakkwato, inda masana'antar siminti take tun da aka kafa kamfaninta a 1962 zamanin Sardauna, ta fara aiki a 1967, har yau ga ta a hannun BUA, akwai samarin da suka riƙi ɗaukar hoto sana'a: suna bin ɗaurin aure da suna da walimar saukar karatu, suna yi wa masu neman aiki hoton fasfo, wani lokaci kuma, don sha'awa kurum, su ɗauki jerin tirelolin da ke jiran lodi da almuru. Sai ɗayansu ya ɗora hoton da ya wahala a kansa a intanet, domin masu biki su gani su neme shi, ba a jima ba ya tarar da shi a jikin kalanda ko a tallar wani, an datse gefen da sunansa yake. Hoton nan kuwa yana nan a wayarsa, ko ƙwarzane bai yi ba. To, me aka ɗauke masa, kuma wane hukunci ya hau kan wanda ya ɗauka?

Ba zan daɗe a kan halaccin hoton kansa ba, domin an sha tattauna shi. Malikiyya sun bambanta surar da take da inuwa, irin gunki, da wadda take shimfiɗe a takarda ko tufa. Shaihu Muhammadu Bahit al-Muɗi'i, muftin Masar wanda ya rasu a 1935, ya yi risala yana halatta hoton na'ura bisa cewa tsare inuwa ne. Akwai malaman da suka tsananta, kuma saɓaninsu abin girmamawa ne, sai dai su ma sun yarda da hoton larura, kamar na katin shaida da na tafiya aikin hajji.

Idan muka koma ga sata, fuƙaha'u ba su bar ta a sake ba, sun yi mata iyaka: ɗaukar dukiyar wani a ɓoye, a fitar da ita daga hirzinta, wato wurin da aka saba tsare irinta, kuma ta kai nisabi, wanda a mazhabar Imamu Malik rubu'in dinari ne ko dirhami uku. Wanda ya auna kwafin hoto da wannan ma'auni zai ga bai cika ba, domin ba a fitar da kome daga hannun mai shi ba, kuma abin da mutum ya baje da kansa a gaban jama'a ba a cewa yana cikin hirzi. A nan ne masu kwafi suke samun bakin magana, su ce su ɗiban wuta kawai suka yi, kamar yadda mace take shiga maƙwabta ta ɗebo garwashi, murhun masu gida bai mutu ba, nata kuma ya kama. Wannan hujja ba ta banza ba ce, kuma ta isa ta kawar da haddi. Amma kawar da haddi daban, kawar da zunubi daban. Jamhurun malamai, har da Malikiyya, sun tafi a kan cewa manfa'a dukiya ce, shi ya sa ake hayar gida da dabba, ake biyan ɗinki da gini. Wanda kuwa ya sayi kyamara, ya koyi sarrafa haske, ya tsaya cikin ƙurar hanya yana jiran rana ta sunkuya, amfanin wannan wahala nasa ne, wanda ya sayar da ita ba da izninsa ba ya ci gumin wani. A kan haka Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zartar, a zamanta na Kuwaiti cikin Disamba 1988, cewa haƙƙin talifi da na ƙirƙira abin kiyayewa ne a shari'a, ba ya halatta a keta shi. Dokar Nijeriya ta haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ita ma ta ba hoto kariya ta shekara 50.

Duk da haka, a ganina, wanda ya tsaya a kan kuɗi kaɗai bai kai ga zuciyar mas'alar ba, kuma mu mutanen wannan ƙasa bai kamata mu yi nisan kiwo wajen neman ta ba. Littattafan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, da na ƙanensa Abdullahi, da na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da waƙoƙin Nana Asma'u, ba da injin ɗab'i suka isa Kano da Zazzau da Adamawa ba. Hannun masu kwafi ne ya kai su, almajiri ya ari littafi ya kwana yana juya shi da alƙalamin kara, ba ya jin ya yi laifi, hasali ma lada yake nema, tunda ɓoye ilimi abin zargi ne. Amma wanda ya je ma'ajiyar tarihi ta Waziri Junaidu a nan Sakkwato ya buɗa irin waɗannan takardu, zai ga a farkonsu an ambaci mawallafi, a ƙarshensu kuma sau da yawa mai kwafi ya rubuta sunansa da na wanda aka yi wa kwafin, ya roƙa wa kansa da iyayensa gafara. Malam Abdullahi har littafi guda ya yi, Ida'un Nusukhi, don kawai ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu. Ashe magabata sun sakar wa kwafi mara, abin da suka ƙi yarda da shi shi ne a yanke nasabar aiki daga mai shi. Malaman hadisi ma, da suka ga mai ruwaya yana ɓoye wanda ya ji daga gare shi, tadlisi suka kira abin, suka aibata mai yin sa. Saboda haka wanda ya tura hoton yaron nan na Kalambaina ga abokai da sunansa a jiki, ba ciniki ya yi da shi ba, ban ga ya yi nisa da almajirin da ya juya littafi ba, muddin mai hoton bai hana ba. Wanda kuwa ya sa yatsa ya datse sunan, ya yi ƙarya da aiki ko da bakinsa bai furta kome ba, ƙaryar nan kuma ita ce ta fi kuɗin ciwo, domin mai sana'a da sunansa yake cin abinci.

Sai batun inda za a ajiye hotuna, wanda samari suke tambaya kamar tambayar wace waya ta fi kyau, alhali babin wadi'a ne. A fiƙihu wanda aka ba ajiya amini ne: ba ya moron abin da aka ba shi sai da izni, yana mayarwa duk ranar da aka nema, ba ya lamuni sai in ya yi sakaci. Kamfanonin da ke karɓar hotuna kyauta ba a kan wannan ƙa'ida suke ba, ciniki ne suke yi da sharuɗɗan da suka rubuta, muka danna amincewa ba mu karanta ba. Facebook ya shardanta wa mai ɗora hoto ya ba shi iznin amfani da shi, ko da yake mallaka tana nan ga mai ita. Yana kuma matse hoton ya rage masa kyau. Photobucket ya wayi gari a 2017 ya ce wanda yake so hotunansa su ci gaba da bayyana a wasu shafuka ya biya dala 399 a shekara. Flickr ya taƙaita wa masu ajiyar kyauta hoto 1,000 daga 2019. Google Photos kuma ya daina ajiya marar iyaka ran 1 ga Yuni 2021, ya bar mutane da gigabayit 15. Ban kira wannan ha'inci ba, tunda sun tanadar wa kansu ikon canja sharaɗi tun farko. Wauta dai tana ga wanda ya ɗauki rumfar ɗan kasuwa ɗakin ajiyarsa.

Abin da hankali ya bayar shi ne a raba taska da wurin baje koli. Asalin hoto, da cikakken girmansa, ya zauna a hannun mai shi, wuri biyu aƙalla, don waya tana faɗawa ruwa, ana kuma fizge ta. Wanda za a nuna wa duniya a rage masa girma yadda ba zai bugu da kyau a kalanda ba, a sa tambari inda datse shi zai ɓata hoton, ba a can kusurwa ba. In za a zaɓi ma'ajiya, a duba ko tana bari a kulle kundi da kalmar sirri, ko tana bari mutum ya kwashe kayansa gaba ɗaya ranar da ya so tashi, da abin da take yi da su in aka daina biya. Amma kada kowa ya ruɗi kansa da makulli: shafin da ya hana saukewa bai hana a ɗauki hoton fuskar waya ba, tambari ma yanzu akwai manhajojin da ke goge shi. Fa'idar riƙe asali ita ce ranar jayayya, tunda hujja a kan mai da'awa take. Wanda ya fito da babban hoton tare da 'yan'uwansa da aka ɗauka kafinsa da bayansa ya zo da shaidun da mai kwafi ba shi da su.

Akwai mutum na uku wanda duk wannan muhawara ta manta da shi, wato wanda ke cikin hoton, kuma a nan nake jin tsoron mai kukan an zalunce shi ya zama shi ne ya fara zalunci. An shigar da mai hoto cikin gida ranar kamu, ko an ba shi hotunan da mata suka ɗauka a tsakaninsu ya gyara ya wanke, saboda an amince masa. In ya zaɓi wanda amarya ta fi kyau a ciki ya ɗora don talla, ba da yardarta ko ta mutanenta ba, to shi ne aminin da ya mori ajiya, kuma duk ɗan damfarar da ya kwafi fuskar nan ya buɗe shafin ƙarya da ita, ta ƙofar da shi ya buɗe ya shigo. Malaman usulu sun lissafa larurorin da shari'a ta zo ta tsare, addini da rai da hankali da nasaba da dukiya, wasunsu suka ƙara mutunci. Dukiya in ta tafi ana biyan ta, mutuncin 'yar mutane kuwa ban san alƙalin da ya iya ƙiyasta masa farashi ba. Dokar 2022 ɗin nan ma ta ba wanda ya sa aka yi masa hoto don amfanin gidansa ikon hana a yaɗa shi. Da za a bi shawarata, sai a gama wannan magana tun wurin ciniki, tare da kuɗin aiki: wane hoto za a nuna, a ina, yaushe kuma za a goge sauran.

Wata mas'alar ma tana biye, wadda nake so malamanmu na Sakkwato su zauna a kanta. Mai hoto ya rasu, wayarsa da kwamfutarsa suka shiga tarika, a cikinsu akwai matan unguwa guda a ranakun bukukuwansu. Na'urar dai gado ce, ba shakka, haƙƙin aikinsa ma magada suna gadonsa. Amma fuskokin da ke ciki wadi'a ce, wadi'a kuwa ana fitar da ita a mayar wa masu ita kafin a raba gado, kuma ba ya halatta ɗan'uwan mamaci ya kai wayar kasuwa ya sayar alhali bai share ta ba.