Aikin Kammala Digirin da Ya Ceci Bakwaini

Ya ku ɗaliban injiniyancin kayan asibiti! Sannunku, ku da kuke kwana a ɗakin gwaji, hannu duk ƙunar dalma, ido ya yi ja, kuna jiran a kawo wuta ku ƙarasa haɗa waya. Shekarar ƙarshe ta zo, an ce kowa ya kawo aikin kammala digiri. To, me za ku kawo? Kundin da za a yi wa bango mai kyau, a ba shi maki, a jefa saman kanta ƙura ta rufe shi? Wallahi kun fi ƙarfin haka.

Ku ji abin da ɗalibai irinku suka yi a Jami'ar Rice da ke Houston a Amurka. A 2010, ƙarƙashin shirin da Farfesa Rebecca Richards-Kortum da Farfesa Maria Oden ke jagoranta, wasu 'yan ajin ƙarshe suka ɗauki matsalar da ta addabi asibitin Queen Elizabeth na Blantyre a Malawi. Bakwaini na mutuwa saboda huhunsu bai yi ƙwari ba, na'urar da ke taimaka musu kuwa, wadda ake kira CPAP, kuɗinta ya kai dala 6,000. Sai suka tambayi kansu: wai me na'urar nan take yi ne? Iska take turawa haɗe da oksijin ta siririn bututu zuwa hancin jariri, ɗaya bakin bututun kuma a nutse cikin kwalbar ruwa. Iya zurfin da aka nutsa shi, iya ƙarfin matsin da ke hana huhu mannewa. Ruwa na ɓulɓul, jariri na samun numfashi. Ina za a samo mai tura iskar? Suka ɗauko famfon da ake sa wa kifin ado a tankin gilashi, suka jera a akwatin roba irin na ajiye takalmi. Ga na'ura ta tashi!

Da aka gwada ta a Blantyre, sakamakon da aka fitar a 2014 ya nuna kashi 71 cikin 100 na jariran da aka ɗora a kanta sun rayu, waɗanda aka ba oksijin kaɗai kuwa kashi 44. Yau kamfani ke ƙera ta da sunan Pumani, ana sayarwa. Daga wannan aiki da irinsa shirin NEST360 ya fito a 2019, kuma Nijeriya na cikinsa, da ɗakunan ƙira a jami'o'in Legas da Ibadan. Ɗaliban Rice ɗin ma fa da aikin neman maki suka fara. Me zai hana ku?

Sai dai zomo ba ya kamuwa daga zaune. Ƙira tana farawa ne daga ɗakin majinyata, kafin a kunna kwamfuta. Ɗaliban Jami'ar Stanford da aka ba aikin ƙera kwalbar jarirai mai araha sun tura ɗayansu, Linus Liang, zuwa Nepal. Ya tarar da kwalaben babu kowa a ciki a asibitin birni, domin jariran da ke buƙatarsu a ƙauye ake haifarsu, inda ba wuta ba mota. Nan take suka sauya tunani, suka ɗinka 'yar jakar kwanciya mai aljihun wani abu kamar kakin zuma, wanda in an ɗumama shi yake riƙe zafi na sa'o'i. Ita ce Embrace. Ku ma ku je ku tsaya kusa da nas mai aikin dare. Ku tambaye ta me ke lalacewa, me ke ɓata mata lokaci, me take ɗaurewa da filasta don ya ci gaba da aiki. Ku saurara, ku rubuta, ku koma ku sake tambaya!

Sannan ku zama 'yan kasuwa, kada ku ji kunyar hakan. Wani bincike da Robert Malkin na Jami'ar Duke ya yi da abokiyar aikinsa a 2011 ya gano kusan kashi 40 cikin 100 na kayan asibitin ƙasashe masu tasowa ba sa aiki. Akasari ba kayan gyara, ba wanda aka koya wa gyaran. Don haka tun ranar farko ku ɗauki biro ku yi lissafi. Nawa ta ci? Nawa za a sayar? Wa zai saya, gwamnati ko mai asibitin kuɗi? In ta tsaya a ƙauye, wa zai gyara? Za ta jure ƙurar hunturu da zafin bazara? Za ta yi aiki da sola? Waɗannan tambayoyin, a ganina, sun cancanci rabin makin aikin, kuma ina roƙon malamai su ba su wannan matsayi.

Ba ku kaɗai ba ne a fagen. Ga maƙeran Panteka a Kaduna, waɗanda in ka nuna musu zane da safe, da yamma ƙarfe ya miƙe. Ga 'yan Ƙofar Ruwa a Kano da suka san inda kowane noti yake. Ga masu gyaran waya da hannunsu ya ƙware a kan ƙananan wayoyin lantarki. Ku gaishe su da ladabi, ku zauna a bencinsu, da ɗan gari akan ci gari. Ku kuma iyayen gida masu sana'a, in yaron nan ya shigo da takardarsa, ku buɗe masa ƙofa, aikin naku ne ku duka.

Wahala akwai ta. Yajin aiki ya ci muku watanni, dala ta tashi, kuɗin kayan daga aljihun iyaye yake fitowa. Samfurin farko zai ƙone, na biyu zai yi yoyo. Ku sake! Kuma kada na'urarku ta taɓa jikin majinyaci sai kwamitin ɗa'a na asibiti ya yarda, kada ta shiga kasuwa sai da rajistar NAFDAC, domin rai ake magana. Virtue Oboro, da shawara ta kama jaririnta a 2015, ba ma injiniya ba ce, amma ta tara masu sani suka ƙera gadon haske mai aiki da sola, Crib A'Glow, a jihar Bayelsa. Ku da kuka shekara kuna karanta fannin fa?

A cikin makon nan ku karɓi wasiƙa daga sashenku, ku tafi asibitin da ya fi kusa da ku, ku nemi shugabar ɗakin jarirai. Ku tafi da littafi da biro, kada ku dawo sai da matsala ɗaya da za ku sa a gaba.